Gonar rani a idon tauraron ɗan'adam

A Yulin 1972, ana tsakiyar farin Sahel, Amurka ta harba tauraron Landsat 1. Hotunansa suna iya bambanta ƙasa tsirara da wadda kara ko ciyawa suka rufe. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin gonar da aka kwashe karanta bayan kaka, iskar hunturu ce ke ɗebe albarkarta.

Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, kuma a 2008 taskar Landsat ta zama kyauta. Irin waɗannan hotuna sun nuna yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka raya itatuwa a kimanin hekta miliyan 5. A kudancin Kogin Kaduna kuwa, kewayen unguwar Television, rufin kwano ne ya maye gurbin gonaki da yawa.