Kofin da Kano Pillars ta daɗe tana jira

An kafa Kano Pillars a 1990. Ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma kofin ƙalubale na ƙasa ya daɗe yana kuɓuce mata. Mafi zafi shi ne wasan ƙarshe na 2018 a Asaba: tana gaba da ci uku babu ko ɗaya, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Magoya baya ba su manta takaicin ranar ba.

A Yulin 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, an tashi canjaras babu ci a wasan ƙarshe tsakanin Kano Pillars da Niger Tornadoes. A fenariti, Masu Gida, wato Kano Pillars, suka yi nasara da 4-3, kyaftin Rabi'u Ali ya ɗaga kofin ƙalubalen, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo.