Daga Bagaruwa Zuwa Kuromiyam: Abin da Lakar Jakara Ta Adana

Kakanninmu a Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jima. Da toka da bagaruwa majema ke aiki, fatarsu kuwa ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wari kam akwai shi, amma abin da ake zubarwa daga itace ya fito, ƙasa kuma tana cinye shi.

A 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam a Amurka. Aikin makonni ya koma na kwana ɗaya ko biyu. Da aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya Sharada da Challawa, wannan hanyar kamfanonin fata suka ɗauka. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya wuce madatsar Wasai. Na Sharada da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Ba a kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ba sai 1988, bayan badaƙalar sharar gubar da aka jibge a Koko. Kafin nan wa zai hana?

Abin da ke damuna a matsayina na likita shi ne ƙarfe ba ya ruɓewa. Ruwa ya wuce, kuromiyam da dalma da kadmiyam su kwanta a laka. Masana'antu da yawa sun rufe, lakar tana nan, kuma a bakinta ake noman latas da alayyafo. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyam yana cin ƙoda a hankali, shekaru kafin mutum ya ji ciwo. Mutanen Toyama ta Japan sun daɗe suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu, ƙasusuwan mata suna karyewa, sai a 1968 gwamnati ta amince kadmiyam ne.

'Yan uwa, mu da ke waje mun saba tara kuɗin haƙa rijiya da yashe kwata a gida. Ina roƙon ƙungiya, duk aikin da za mu biya a yankunan nan, a ware kuɗin gwada ruwa da laka a Jami'ar Bayero tukuna. Lakar da aka yaso kuma kada a bar ta tsibi a bakin titi, inda yara ke wasa, manoma kuma ke kwasa a matsayin taki.