Maigida da Yaransa: Rabon Iko a Kasuwancin Ƙasar Katagum

A garin Chinade da ke ƙaramar hukumar Katagum, da kuma Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, yawancin cinikin hatsi da gyaɗa da dabbobi yana gudana ne a ƙarƙashin tsarin maigida da yara, wato ɗan kasuwa mai jari da mutanen da ke saye da awo da rakiyar kaya da sunansa, ko da wasunsu sun yi furfura. Hujjar wannan maƙala ita ce, tsarin yana da ƙarfin da zai iya ɗaukar kasuwancin zamani, amma yana raunana a duk inda maigida ya tattara shawara da lissafi da amana a kansa shi kaɗai.

Tattara iko a hannu ɗaya ba gadon fatauci ba ne, ko da yake ana yawan ɗaukarsa haka. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980, yana da madugu mai jagorancin tafiya, da jagaba mai wucewa gaba don duba hanya da zango, da uban dawaki mai kula da kuɗin da ake biyan sarakunan hanya, da kuma malamin ayari mai addu'a da rubutu. Kowannensu yana yanke hukunci a fagensa, domin madugun da ya ce sai ya ga komai da idonsa ba zai kai ɗaruruwan mutane da jakuna garin Salaga na ƙasar Gwanja ba. Haka Abner Cohen ya nuna a 1969 cewa cinikin shanu a unguwar Sabo ta Ibadan ya dogara ne ga masu masauki da dillalansu, waɗanda ke lamuntar bashi tsakanin baƙon da ya kawo shanu daga Arewa da mahaucin da bai taɓa gani ba. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan jerin wakilai ya mamaye sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022, ya gwada wannan tsari gwaji mai tsanani a kasuwannin karkara, inda manomi da makiyayi ba su saba da komai ba sai kuɗi hannu. Waɗanda suka fara sabawa da taransifa da masu POS da manhajoji irin su OPay da Moniepoint galibi matasa ne, wato yaran gida, alhali ikon amincewa da sabuwar hanya yana wurin maigida. A nan ne matsalar take, domin sabon ilimi yana shigowa ta ƙasa, izini kuwa yana saukowa daga sama, kuma kunya da ladabi, waɗanda abin yabo ne a mu'amala, sukan hana yaro gaya wa ubangidansa cewa hanyarsa ta tsufa. Maigidan da ya ware lokaci yana tambayar yaransa abin da suka gani a kasuwa, ya kuma ba kowa iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da neman izini ba, ya komo ne ga tsarin jagaba da uban dawaki.

Rauni na biyu ya fi wannan ciwo. Idan basussuka da sunayen abokan ciniki suna cikin kan mutum ɗaya, rasuwarsa takan zama rasuwar kasuwancin, domin magada za su raba jarin da ba su san iyakarsa ba, yara kuma su watse ba tare da sallama ba, wato jarin da aka saba ba yaro don ya tsaya da ƙafarsa. Rabon gado hukuncin shari'a ne da ba a taɓawa, amma babu abin da ya hana magada riƙe kasonsu a matsayin hannun jari a kamfani guda, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista. Sharaɗin farko na ɗorewar kasuwancin shi ne littafin shiga da fita wanda wani ban da maigida yake rubutawa, a kuma rubuta a cikinsa shekarar da za a sallami kowane yaro da adadin da zai karɓa.