Waiwaye kan tarihin Hindu da iliminsu na da

Addinin Hindu, wanda ke da mabiya fiye da biliyan guda, akasarinsu a Indiya da Nepal, na cikin addinai mafiya daɗewa a duniya.

Sai dai har yanzu masana na muhawara a kan asalinsa, da kuma irin gudummawar da malamansa na da suka bai wa ilimi.

Littattafan Veda

Tushen addinin shi ne littattafai huɗu da ake kira Veda, waɗanda ke cikin harshen Sanskrit.

Mafi daɗewa a cikinsu, Rigveda, yana ƙunshe da waƙoƙin yabo 1,028, kuma akasarin masana na ganin an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

An shafe ƙarnoni ana adana su ta hanyar hadda, daga bakin malami zuwa almajiri, kafin a rubuta su.

Wannan kula da lafazi ce ta haifar da nahawu. Malam Panini ya tsara ƙa'idojin Sanskrit kusan 4,000 a littafinsa Ashtadhyayi, wanda masana harshe ke nazari har yau.

Lissafi da taurari

A shekara ta 499 miladiyya, Aryabhata ya rubuta cewa duniya ce ke juyawa a kan kanta. A shekara ta 628 kuma Brahmagupta ya shimfiɗa dokokin yin lissafi da sifiri.

Wannan ilimi ya isa Bagadaza a zamanin Halifa al-Mansur, inda aka fassara wani littafin taurari na Indiya zuwa Larabci da sunan Sindhind.

Daga baya al-Khawarizmi ya wallafa littafi a kan lissafin Indiyawa, ta nan ne kuma alƙaluman suka kai Turai. Ita kanta kalmar "sifiri" ta samo asali daga Larabci, "sifr", fassarar kalmar Sanskrit mai ma'anar wofi.

Haka nan littafin Kalila wa Dimna na Ibn al-Muƙaffa ya samo tushe ne daga tatsuniyoyin Panchatantra.

Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskrit, ya kammala littafinsa a kan Indiya wajen shekara ta 1030, masana tarihi kuma na dogaro da shi har yanzu.

Abin da ya sauya

A 1924 John Marshall ya ba da sanarwar gano kufan biranen Harappa da Mohenjo-daro, waɗanda yanzu ke cikin Pakistan.

Biranen, masu tsararrun tituna da magudanan ruwa, sun bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin miladiyya, wato gabanin Rigveda. Har yanzu ba a iya karanta rubutunsu ba.

A da masana Turawa na cewa wasu mayaƙa da ake kira Arya ne suka mamaye yankin. Yanzu an yi watsi da batun mamaya.

Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa makiyaya daga filayen tsakiyar Asiya sun shigo sannu a hankali, suka cakuɗa da mutanen da suka tarar.

Siyasa

Masu ra'ayin kishin Hindu da dama ba su yarda da wannan ba, suna cewa al'adun Veda a Indiya suka tsiro.

A 2014 Firayim Minista Narendra Modi ya ce labarin gunkin Ganesha mai kan giwa alama ce ta cewa an san tiyatar gyaran jiki tun a zamanin da, lamarin da ya jawo suka daga masana kimiyya.

A 2023 kuma hukumar tsara manhaja ta Indiya ta cire wasu babobi na daular Musulmi ta Mughal daga littattafan makarantu. Ta ce don rage wa ɗalibai nauyi ne, amma masu suka na ganin ana sake rubuta tarihi ta yadda za a mayar da Musulmin ƙasar, kimanin miliyan 200, tamkar baƙi.