Daga Kasuwar Barori Zuwa Bariki: Tarihin Kalmomin Ɗaukar Ma'aikata a Ingilishi

Duk wanda ya taɓa fassara takardar ma'aikata daga Ingilishi zuwa Hausa ya san wata 'yar matsala. Bature zai ce 'hire' a nan, ya ce 'employ' a can, gaba kaɗan ya kawo 'recruit' ko 'engage', shi kuwa mai fassara ba shi da abin cewa sai "ɗauka aiki" har sau huɗu. Akan zaci yawan kalmomin ado ne kurum. Ba haka ba ne. Kowace ɗaya ta fito ne daga wata irin hulɗa tsakanin mai aiki da mai sa aiki, kuma har yanzu ƙanshin asalinta bai rabu da ita ba.

Wadda ta fi tsufa a cikinsu ita ce 'hire', domin tun a tsohon Ingilishi ake da ita, kafin Normandawa su ci Ingila a 1066. Ma'anarta ita ce biyan kuɗi don a mori abu na wani lokaci, kuma ba ta bambanta mutum da doki ko garma ba. Sa'ad da annobar nan da ake kira Baƙar Mutuwa ta auka wa Ingila a 1348, leburori suka yi ƙaranci, lada ya hau. Sai Sarki Edward na Uku ya ba da umarni a 1349, majalisa kuma ta ƙarfafa shi da doka a 1351, cewa duk mai lafiya da bai kai shekara 60 ba, wanda ba shi da abin dogaro, tilas ya yi aiki a kan ladan da ake biya kafin annobar. Daga zaman da ake yi kowace shekara don tsai da lada ne aka sami kasuwar ɗaukar barori, wadda ta ci har cikin ƙarni na 20 a wasu yankuna. A kudancin ƙasar takan ci wajen 29 ga Satumba, a arewa kuwa wajen 11 ga Nuwamba. Masu neman aiki su jeru a dandali, kowa da alamar sana'arsa: makiyayi da sanda ko curin ulu, mai amalanke da bulala, kuyanga da tsintsiya. Manomi ya zagaya, ya duba, ya taya. In an daidaita sai ya ba baran 'yan kuɗin kafin alƙalami, shi ke nan an ɗaure shi shekara guda.

Akwai wani wayo da manoman suka riƙa yi wanda ya nuna ƙarfin kalmar a idon shari'a. Bisa ga dokokin kula da matalauta na wancan zamani, wanda aka ɗauka na cikakkiyar shekara ya zama ɗan gari, in ya tsiyace nauyinsa yana wuyan mutanen unguwar. Saboda haka sai wasu suka koma ɗaukar bara na mako 51, su sallame shi saura mako guda shekara ta cika.

Wannan tarihi ne ya sa 'hire' take ɗauke da ɗan ƙasƙanci a bakin Ingilishi na Ingila. Sukan yi amfani da ita ga mota ko zaure ko kayan biki, in kuwa mutum ne to galibi na ɗan lokaci. Wanda suka kira 'hireling' zaginsa suka yi, watau mutumin da zai yi kome saboda kuɗi. Amurkawa ba su da wannan ƙyama. A wurinsu ita ce kalmar yau da kullum, har sukan kira sabon ma'aikaci 'new hire' ko da babban injiniya ne.

'Employ' kuwa baƙuwa ce daga Faransanci, tushenta kuma wata kalmar Latin mai nufin naɗe abu a cikin wani abu. Da farko ana nufin yin amfani da abu ne, kamar lokaci ko dukiya. Ita ma 'engage' Bafaranshiya ce, daga kalmar da ke nufin jingina, watau mutum ya ba da alkawarinsa jingina. Shi ya sa kalmar guda take nufin ɗaukar ma'aikaci, take kuma nufin baiko. Amma darajar da 'employ' ta samu a fagen aiki ta zo ne a makare, kuma da gumi aka same ta. Har tsakiyar ƙarni na 19 dokar Ingila ba ta san kowa ba sai 'master' da 'servant', ubangida da bara. A ƙarƙashin dokar 1823, ma'aikacin da ya bar aiki kafin wa'adi ana iya ɗaure shi wata 3 da aiki mai tsanani, alhali ubangidan da ya hana lada ƙarar bashi kawai za a kai shi. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta fama, sai a 1875, zamanin Firayim Minista Disraeli, aka soke hukuncin ɗauri, aka kuma sa wa sabuwar dokar suna da 'employers' da 'workmen'. A ganina babu inda sauyin kalma ya fi nuna sauyin hali kamar nan: ranar da bara ya daina zama bara a takarda, ranar ce aka daina kai shi kurkuku don ya ajiye aiki.

Sai kuma kalmomin da ake kiran sabon shiga da su. 'Apprentice' daga kalmar Faransanci ta koyo take, kuma dokar 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ta wajabta shekara 7 na koyo kafin mutum ya kama sana'a da kansa, sai a 1814 aka janye wannan sharaɗi. Ɗan koyo yana ci yana kwana a gidan maigidansa, kamar dai yaron maƙeri ko na marini a wurinmu. Kalma ce mai mutunci, kuma mutuncin nata ne ya sa aka fake da ita. Da aka 'yanta bayi a tsibiran Karibiyan da ke hannun Ingila ranar 1 ga Agusta 1834, ba a sake su nan take ba. An ce wai sun zama 'apprentices', za su ci gaba da yi wa iyayengijinsu na dā aikin mafi yawan sa'o'in mako ba lada, na gona shekara 6, na cikin gida shekara 4. Dattijon da ya shekara 40 yana saran rake, me ya rage a koya masa? Tsarin bai kai wa'adinsa ba, aka rushe shi a 1838.

'Recruit' ita ce ta fi shafarmu. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 daga wata kalmar Faransanci mai nufin abin da ya sake tsirowa, kamar tohon itace bayan sara. Rundunar da yaƙi ya rage, sai a nemo sababbi a cike gurbi; su ne tohon. Abin lura shi ne, a kasuwar barori mai neman aiki ne ke kawo kansa, amma a nan maneminsa ne ke bin sa har gida. Saje yakan shiga ƙauye da ganga, ya sayi giya, ya danƙa wa saurayi sule guda, wanda ake kira sulen sarki. In ya karɓa ya zama soja. Ba a bar wannan al'ada ba sai a 1879. Daga 'recruit' ne, a ra'ayin yawancin masana, sojoji suka gutsuro 'rookie', wadda ta bayyana a rubutun Kipling a 1892, daga baya Amurkawa suka kai ta fagen wasanni da aikin ɗan sanda.

Da mulkin mallaka ya buƙaci hannaye a ma'adinai da gonaki da hanyoyin jirgi, sai kalmar ta fita daga bariki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kanta a 1936, inda ta fassara ta da duk wani yunƙuri na samo ƙwadagon mutanen da ba su kawo kansu wurin aiki don raɗin kansu ba. Yarjejeniyar, wadda aka soke a 2018, ta kama ainihin bambancin da mai fassara ke nema. A ƙasar Hausa an ga ƙarshen abin da kalmar ke iya ɓoyewa. Bayan Japan ta ƙwace Malaya, gwamnatin mallaka ta tilasta wa talakawa zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, ta hannun sarakuna da hakimai. A takardun Turawa ana iya kiran wannan 'recruitment'. Talakawa ba su yi wa abin kara ba, suka ce diban gwamna.

Hausa ta ari biyu daga cikin waɗannan kalmomi, kuma yadda ta yi da su abin sha'awa ne. 'Recruit' ta zama kurtu, ta hanyar aikin soja, wanda Hausawa suka fara shiga tun lokacin da Glover ya tara dakarunsa a Ikko a 1863. Amma Hausa ta tsare kalmar a inda ta same ta: kurtu sabon soja ne ko sabon ɗan sanda, irin waɗanda ake horarwa a Zariya, ba a kiran sabon akawu haka sai da zolaya. 'Hire' kuwa ta zama haya, aka bar ta ga gida da mota da keke. Mutum ba a yin hayarsa. Ana ɗaukarsa ƙwadago, ko a ba shi jinga, ko a ɗauke shi aiki. Inda aka fi jin an haɗa haya da mutum shi ne sojan haya, wanda kuma ba yabo ba ne, daidai da 'hireling' ɗin Turawa.

A ofisoshin yanzu 'recruitment' ta zama kalmar ladabi, tana nufin dukan matakan neman ma'aikaci, daga talla zuwa tantancewa da ganawa, 'hire' ko 'employ' kuma su zo a ƙarshe, sa'ad da aka zaɓi mutum aka ba shi takarda. Mai fassara zai fi kusa da gaskiya in ya ce "neman ma'aikata" ga ta farko, ya ajiye "ɗauka aiki" ga sauran biyun. In kuwa takardar ta zamanin mallaka ce, sai ya fara bincika ko mutanen da ake magana a kansu sun zo ne da ƙafarsu, kafin ya zaɓi tsakanin nema da ɗiba.