Yadda kuɗin talabijin ya tarwatsa Lahadin Italiya

Jama'a, kafin 1993 kusan duk wasannin Serie A lokaci guda ake buga su, ranar Lahadi da rana. Wanda bai je fili ba sai dai ya rungumi rediyo.

Ran 29 ga Agusta 1993, tashar Tele+2, wadda sai ka biya ka kalla, ta haska wasan Lazio da Foggia kai tsaye da daddare. Canjaras aka tashi, ba ci, amma ƙofa ta buɗe ke nan.

A 2003 Rupert Murdoch ya haɗe Telepiù da Stream, aka samu Sky Italia ta tauraron ɗan Adam. Yau ana wasa tun daga Juma'a har Litinin, mai haskawa ke yanka lokaci. Kulob-kulob sun sha kuɗi. To shi mai zuwa fili fa, wa ya tambaye shi?