Waye Mai Masaukinsu? Tarihin Saukar Baƙo a Ƙasar Daura

 Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ke da alaƙa da matan nan da kuke gani da goyo suna kwana a kangaye da azuzuwan firamare. Tambayar da nake so mu tafi da ita guda ɗaya ce: a da can, idan iyali suka rasa muhalli suka faɗo gari, wa ke ɗaukar nauyinsu, kuma wa ke duba lafiyarsu?

Bari mu fara daga gida. Duk ɗan Daura ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Amma mun fi riƙe macijin da takobin, mun manta da tsohuwar. A tarihin baka, baƙon nan da dare ya shigo, bai san kowa ba, wata tsohuwa mai suna Ayana ce ta sauke shi, ita ce kuma ta gaya masa halin da ake ciki game da ruwa. Kun ga ke nan tun a tushen labarinmu akwai mai masauki.

Sannan ita kanta masarautar ta ɗanɗana gudun hijira. Wajen 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka yi ta sauya mazauni har suka kafu a Zango da Ɓaure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura. Shekara ɗari fa ke nan gidan sarauta na zaune a wajen gida. To wanda kakanninsa suka yi wannan zama, ai bai kamata ya kalli ɗan gudun hijira a wulaƙance ba.

Yaya tsarin yake a da? Baƙo ba ya shiga gari ya ɓace. Fatake suna da zango da Sarkin Zango. Matafiyi yana da zaure. Iyalin da suka zo da niyyar zama, mai unguwa ake kai su, shi ya sanar da dagaci, a nema masu ɗaki da gonar aro. Idan matar ta fara naƙuda akwai ungozomar unguwa, idan yaro ya karye akwai maɗori, wanzami na nan don ƙaho da kaciya. Hatta makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu masu magana da yawunsu a fada. Ban ce maganinsu duka daidai ne ba, wasu abubuwan kamar cire beli da yankan gishiri sun cutar da mutane. Abin lura shi ne, kowane baƙo akwai wanda za a tambaya idan wani abu ya same shi.

Wannan kuma ba mu muka ƙirƙiro ba. Da Muhajirai suka isa Madina a 622, Manzon Allah (SAW) haɗa su ya yi da Ansaru, mutum da mutum. Waɗanda ba su da kowa suka zauna a rumfar masallaci, su ne Ahlus Suffa. Sahabiya Rufaida kuwa ta kafa tanti tana jinyar masu rauni kyauta, a nan aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Amma tsarin zaure yana da iyaka, yunwa ce ke nuna iyakar. A 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba. Damina ta gaza, ga harajin Turawa da ake biya da kuɗi, manomi ya sayar da hatsinsa. Jama'a suka kwararo daga arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulki, suka ratsa ta nan suna neman Kano, da yawa suka mutu a hanya. Wani Bature mai bincike, Michael Watts, ya zauna a Kaita ya rubuta littafi a 1983 kan yadda mulkin mallaka ya raunana rumbunan tsimi da taimakekeniyar da talaka ke jingina da su. Haka aka sake gani a farin 1973 zuwa 1974, lokacin da Buzaye da sauran mutanen Nijar da dabbobinsu suka ƙare suka cika garuruwanmu. Idan mai masauki shi ma bai ci ba, me zai ba baƙo?

Daga nan aka shiga zamanin hukuma da ƙungiya. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM suka karɓi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Wurare ne da marasa lafiya ke zaune ana ba su magani da abinci da gona, sai dai an ware su daga gari. Bayan 'yancin kai, Sardauna ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, Izala ta zo a 1978, FOMWAN ta mata a 1985. A nan muka samu 'yan agaji masu kaki da muke gani a masallacin Idi da sansanin alhazai da asibiti, ga kuma 'yan Red Cross. An samu horo, an samu tsari. Amma sannu a hankali nauyin ya tashi daga wuyan unguwa ya koma wuyan "su". Su wa? Gwamnati, ƙungiya, Turawa, kowa dai ban da ni da kai.

Yanzu mu dubi yau. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta kashe mutane sama da 40, ta tura iyalai makarantu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Batsari da Safana da Faskari da Jibiya. Mafi yawan waɗanda suka gudu ba a wani sansani mai suna suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi, da ginin da ba a ƙarasa ba, da bakin tasha. Ƙananan hukumomin masarautarmu biyar, Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, Allah Ya sa mun fi yammacin jihar samun sauƙi. Amma sauƙi ai amana ne. Kuma ga iyakar Kongolam a ƙofarmu, duk abin da ya taɓa Nijar sai mun ji a jikinmu.

A irin wannan zama abin da ke kashe yara sananne ne: gudawa, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, da tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025, yawanci saboda an kawo su a makare. Ku riƙe kalmar nan, a makare. Uwar da ba ta san gari ba, ba ta da kuɗin Keke Napep, tana jin kunyar kayan jikinta, ba za ta je asibiti ba sai yaro ya galabaita.

Na sha ganinmu, mu matasa, muna zuwa da azumi da buhun shinkafa da waya a hannu, a yi hoto a sa a Facebook, shi ke nan sai baɗi. Allah Ya ba da lada, amma zazzaɓi ba ya jiran Ramadan. Ga shi ma kalmar sa-kai a jiharmu ta koma nufin mai bindiga, har an manta akwai sa-kai na jinya.

Shawarata, mu dawo da mai masauki. Kowane matashi ko matashiya ya ɗauki iyali ɗaya, ba ɗari ba. Ka san sunayen yaran. Ka kai su wurin mai unguwa a san da su, don masu rigakafi da masu rabon maganin zazzaɓi na damina gida-gida suke bi, wanda ba shi da gida kuwa ana iya tsallake shi. Ki raka mai ciki awo. Ku je asibitin sha-ka-tafi ma'aikata su koya maku haɗa ruwan gishiri da sukari, da amfani da tef ɗin awon dantsen yaro: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar za a kai shi. Kada ka rubuta magani in ba aikinka ba ne. Kuma kada a ɗauki hoton kowa ba da yardarsa ba.

Zumunta dai a ƙafa take. Wanda ya san wani iyali a unguwarsu da ke kwana a kango, ya fara da sallama a ƙofarsu gobe da safe. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu.